Na Keto Teku, Na Kasa Zuwa Kabarin Baba

Gwaggo mai wannan fili, ki agaza mini da shawara, domin al'amarina ya gagari nazarina, alhali ni ba baya ba ne wajen nazari.

Na kammala digiri da sakamako mafi daraja, na samu aiki a wata nahiya. Tsakanin birnin da nake da birninmu akwai tazarar kilomita sama da dubu goma, jirgi biyu da yada zango. Da Baba ya nuna fargabar nisan, na gabatar masa da hujjoji cewa a kimiyyance nisa ya daina wanzuwa. Ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran rediyonsa.

Watan jiya yayana ya kira, jikin Baba ya tsananta. Na hau jirgi. Ina zaune ina kallon 'yar taswirar da ke bayan kujera, tazarar tana raguwa, har ina jin alfahari. A filin yada zango na kunna waya, na tarar an riga an kai shi makwancinsa.

Tun daga nan ban ji komai ba. Ba baƙin ciki, ba hawaye. Na zauna a tabarmar ta'aziyya, duk wanda ya yi mini ya hanya sai in tsinci kaina ina masa bayanin dalilin da ya sa jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi. Ƙanwata ta ce na koma na'ura. Ina ci, ina barci lafiya lau. Kabarin tafiyar ƙafa ce daga gida, amma kullum sai in sa takalmi in tsaya a bakin ƙofa. Inna ta daina tambayata ko na je; abinci kawai take ajiye mini ta juya. Jirgina na komawa jibi ne. Shin zuciyata ta mutu ne?

Naki,
Masani Mai Nisan Zango

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Zuciyarka ba ta mutu ba, dukan ne ya yi mata yawa ta sandare. Wanda bai damu ba, ba ya sa takalmi kullum.

Amma ka duba ɓangaren Inna. Ba ta ganin cikinka, ƙafarka take kallo. A wurinta ɗanta ya keto duniya ya kasa gaida ubansa.

Gobe da safe ka ce wa yayanka ya raka ka. Kada ka jira sai ka ji wani abu. Addu'a ba ta buƙatar hawaye. In kun dawo, ka shiga ɗakin Inna ka zauna a ƙasa, ka ce ka je. Kada ka ƙara bayani ko ɗaya. In sandarewar ta bi ka can har ta taɓa aikinka, ka ga likita.

Allah ya ba ku haƙuri, ya sauke ka lafiya.