Tara ko Arba'in

Yaya Rokeya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙurinmu, ya ƙafar Baba? Mu nan Texas lafiya lau, barci ne kawai ke gagarata.

Ɗanki Tanbir ya gama horon ɗan sanda. Ina shirin sadakar rasuwar Inna ya leƙo: "Umma, tara ko arba'in?"

Na ce, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa yin tara? Arba'in ake yi!"

Ya yi dariya. Ashe girman harsashin bindigar aikinsa yake nufi. Arba'in ɗin kuwa ya ɗauka, wai albarkar bakin uwa.

Yaya, bakin nan nawa da ya sauke Alƙur'ani shi ya zaɓi harsashi. Kada Baba ya ji. Ki taya ni addu'a, bindigar nan ta tsufa a ƙugunsa ba ta taɓa ɗan kowa ba.

Ƙanwarki,
Nurjahan