Jakar Golf da Bayana

Yaya Mawahib,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake a Soba, sai dai ciwon baya da ke damuna.

Likitan da nake ɗaukar wa jaka a filin golf yakan ce, "Sharafaddeen, wasan nan ne ya raba ni da ciwon baya." Shi sanda ɗaya yake kaɗawa, ni nake saɓe da sauran.

Yanzu a zaune nake salla. Jiya ƙafar hagu ta ƙi motsi, da rarrafe na kai banɗaki. Don Allah ki roƙi maigidanki ya zo ya mai da ni gida, ba zan iya hawa mota ni kaɗai ba. Inna kuwa, ki ce mata hutu aka ba ni.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Sharafaddeen