Ɗakin Ƙasa a Kan Dutsen Hatta

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 2019
Ashe ba don maganin gwiwata kaɗai 'yata Wasila ta kawo ni Dubai ba. Yau ta fito da maganar. Kamfaninsu na zanen gine-gine zai yi ɗakunan fakewa a kan duwatsun wani gari wai shi Hatta, don masu hawan dutse in sanyi ko ruwa ya ritsa da su. Ba siminti, ba na'urar ɗumama ɗaki, sai ƙasar wurin da dutsen wurin. Ɗaki ɗaya za a fara yi na gwaji, waɗanda suka ba da aikin su zo su gani ran 16 ga Janairu. In ya yi, a ba su sauran. In bai yi ba, ita ce ta tsaya gaban shugabanta ta ce mahaifinta ya san ƙasa.
Yanzu na san ƙasa kenan. Shekara hamsin ina gini a Zariya, ɗan cikina Ɗalhatu ya rushe soron da na yi da hannuna ya kafa bulo. Ita kuma da ta dawo daga jami'a cewa ta yi ginin ƙasa na kallo ne. Ban manta ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba
Mun hau. Iska kamar ta yanke kunne. Wa zai ce a ƙasar nan akwai irin wannan sanyi? Na ɗanɗana ƙasar a harshe, leburori na dariya. Yashi ya yi mata yawa. Can gindin kwari na samo mai danƙo. Na ce a kwaɓa da ciyawa da kashin raƙumi, a rufe, kada a taɓa sai ta kwana bakwai. Wasila ta ce, "Baba, bakwai?" Na ce to ki kira Ɗalhatu ya kawo miki bulo.

Alhamis, 5 ga Disamba
Tubali ya bushe, ko ɗaya bai tsage ba. Ba wanda ya ce sannu.
Akwai wani Sharfuddeen, shugaban leburori, ɗan Pakistan, wai daga duwatsu masu ƙanƙara ya fito. Ya jera dutse har gwiwa kafin a ɗora ƙasa. Na ƙyale. Amma rufin da Wasila ta zana, shi ne ba zan haɗiye ba: ya leƙo waje ta kowane gefe kamu biyu, kamar an kifa wa ɗaki malafa. Ɗaki ai rawani ake yi masa, bango ya haye saman rufi, a sa indararo, a shafe da makuba. Haka ubana ya yi, haka nasa uban.

Litinin, 16 ga Disamba
Makuba ta iso daga gida ta jirgin kaya, wani ɗan Kano mai shago a kasuwar Naif ya karɓo mini. Wasila na ofis duk makon nan. Gefe uku sun riga sun sa malafarsu. Na huɗu, na gabas, na sa aka datse itacen dabinon da ke ɗauke da rufin daidai bango, na tayar da rawani. Sharfuddeen ya kama hannuna, "Haji, mushkila, mushkila," yana nuna sama, yana karkata tafin hannu. Na ce masa khalas, wato magana ta ƙare. Furfurata ta fi tasa.

Alhamis, 19 ga Disamba
Ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta zagaya bangon sau biyu, ta ce, "Baba, ya yi kyau. Makubar nan shekara nawa take yi?" Na ce kowace shekara bayan damina mai gida ya sake yaɓe, shi kenan, ɗaki ya shekara ɗari.
Ta ce, "Wane mai gidan, Baba? Nan ba mai gida. Mutum zai kwana ɗaya ya wuce. Wa zai hawo dutsen nan da makuba?"
Na ce ni ba yaro ba ne da za a yi wa tambayar makaranta. An riga an datse itacen, ba lokacin nemo wani. Haka muka sauko gida, unguwar International City.

Juma'a, 27 ga Disamba
Ɗaki ba mai shi. Wannan wane irin ɗaki ne ma?

Asabar, 11 ga Janairu, 2020
Kwana biyu ana ruwa, irin wanda aka ce an jima ba a gani ba. Motoci sun nutse a titin ƙasan gidanmu. An hana hawa dutse. Wasila ta kawo mini shayi ta ajiye, wayarta na ta kuka, shugabanta ne. Na ji ta a kicin tana cewa, "Ni ce na amince, laifina ne." Ƙarya ta yi. Ban sha shayin ba.

Litinin, 13 ga Janairu
Mun hau da ƙyar. Gefe uku a bushe, ko ɗigo. Nawa kuwa... Ruwan can ba daga sama yake sauka ba, iska ce ke jifan bango da shi a kwance. Abin da Sharfuddeen ke nufi da hannunsa kenan. Makuba ta saɓule, rawani ya jiƙe ya tsage, rabinsa a ƙasa. Da tsakar damina ma a Zariya ban taɓa ganin haka ba.
Amma ciki da ɗumi. Mun tarar da wasu Filipinawa uku da ruwa ya tsare a hanya, a ciki suka fake, sun ce ko bargo ba su nema ba. Wannan kwaɓina ne, a rubuta.
Wasila ta tsaya gaban ɓaraguzan, hannu a aljihun rigar sanyi, ta ce, "Saura kwana uku." Ba da ni take ba.

Talata, 14 ga Janairu
Ni na sare ragowar rawanin. Wani lebura ya miƙo hannu zai karɓi gatarin, na hana. Sharfuddeen ya samo itacen dabino a wata gona a ƙasa, muka ɗaura ƙari a kan waɗanda na datse. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ko ya faɗa da yarensu, oho. Gwiwa ta kumbura kamar tulu.

Alhamis, 16 ga Janairu
Sun zo, mutum huɗu. Bangon gabas ɗanye ne har yanzu, ba ya ɓoyuwa. Babbansu ya tambaya. Wasila ta buɗe baki, na riga ta. Na ce ta fassara yadda na faɗa, kada ta gyara: ni na yi, ba ta sani ba, zanenta ne ya tsaya. Ta fassara. Mutumin ya dafa bangon ciki ya daɗe. Ya ce za su ba su ɗakuna biyu tukuna, su ga yadda za su jure wani sanyin. Ba duka ba. Da ban taɓa rufin ba, wataƙila duka ne.
A mota ta ce, "Baba, za ka tsaya a yi biyun?" Na ce sai na ga yadda gwiwa ta yi.
Kamu biyun nan ma bai isa ba a gefen gabas. Biyu da rabi ya kamata. Gobe zan gaya mata ta gyara zanen.