Ƙarar Famfon da Ta Hana Ni Tashi

Gidan Baba, Shimane,
9 ga Yuni.

Zuwa ga Yayata Chizuru,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninki Norihisa. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Tadao da yara, kuma ciwon bayan nan da kika ambata ya sake ki. Yau da safe na kunna wa Mama turare a gaban hotonta, na roƙa miki lafiya da tsawon rai a can Brazil. Mu nan damina ta kankama, kwana biyar ba mu ga rana ba, jiragen kamun kifi duk suna ɗaure a bakin ruwa. Matata Kazue lafiyarta ƙalau. 'Yarmu Mio ta fara jami'a, ta ce ita aikin gona za ta karanta, na ce mata ta yi dabara. Baba gwiwoyinsa sai a hankali. Mako biyu ke nan ina wurinsa, kuma abin da ya zaunar da ni shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tambaye ni ranar da kumbonmu zai tashi, don ku taru a zauren ƙungiyarku ku kalla. Yaya, ki sallami mutanen. Kumbo zai tashi a watan Oktoba, amma ba da ni ba. Ba ɗagewa aka yi ba irin ta da, sunana aka cire gaba ɗaya. Na fi so ki ji daga gare ni kafin ki gani a jarida.

Kin san shekara goma sha bakwai ke nan da aka zaɓe ni ɗan sama jannati. Na bar tuƙin jirgin sama, aikin da nake so kamar raina, inda da safe nakan keta gajimare in ga rana alhali mutanen ƙasa suna riƙe da lema. Na bar shi don an ce akwai abin da ya fi shi nisa. Na koyi Rashanci da furfura a kaina. Na kwana cikin ƙanƙara a daji, na yi sa'o'i shida shida a ƙarƙashin ruwa cikin rigar da ta fi ni nauyi, har farcena biyu suka fita. Ranar da Mio ta gama firamare ina wata ƙasa. Sau uku ana sa ni ɗan ko-ta-kwana, wato in wani ya kasa in hau kujerarsa, kuma sau uku ba wanda ya ko yi mura. Na tsaya na ɗaga musu hannu, na koma masauki. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ni ma haka na riƙa gaya wa Kazue, har shekara uku da suka wuce aka ce lokacina ya zo. Ni zan kai sabon famfon sanyaya ɗakin bincike na tashar sama, in ɗaura shi da hannuna.

Mutane suna zaton aikinmu kallon taurari ne da jarumta. Ba haka ba ne. Aikin noti ne da roba da waya, da karanta takarda ɗaya sau ɗari. Can sama ba iska, ba gareji, ba maƙwabcin da za ka aika ya sayo maka abin da ya lalace. Abin da ka bari da aibi a ƙasa, shi zai jira ka a can.

Bara da bazara ana gwada famfon a cibiyarmu, ina tsaye a gefe, sai kunnena ya ƙi yarda da ƙararsa. Na'urori duk suna nuna lafiya lau. Kin tuna yadda Baba yake ɗora bakin sukudireba a jikin injin jirgin ruwa, ya kafa kunne a kan mariƙin, ya rufe ido? Abin da na yi ke nan, a gaban injiniyoyi goma sha biyu. Wani ya ce a kira boka tunda an fara duba, aka yi dariya, ni ma na yi. Amma na ji shi. Wani ɗan kaskas ne can ciki, kamar ƙwayar yashi a cikin shinkafa, yana zuwa yana ɓacewa.

Shugaban sashenmu ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Bai ce ƙarya nake yi ba. Ya ce in na rubuta rahoto dole a kwance famfon, kuma kwance shi da sake gwaji ba zai gaza shekara guda ba. Ya tuna mini shekaruna hamsin da uku, ya tuna mini cewa likitoci suna duba mu duk shekara, kuma ba sa jin roƙo. Da na miƙe sai ya ce, "Norihisa, ciki ba don shinkafa kaɗai aka yi shi ba. Na'ura ta ce lafiya. Wa zai zarge ka in ka yarda da na'ura?"

Kwana uku ina juya maganar. Ba zan ɓoye miki ba, na so in yi shiru. Na gaya wa kaina kunnena ne ya tsufa. Na gaya wa kaina ko da aibin, wataƙila sai bayan shekara biyar zai fito, lokacin na je na dawo. Kazue ce ta lura ba na cin abinci. Da na faɗa mata, ta daɗe tana wanke kwano ɗaya, sannan ta ce ita ba ta san famfo ba, amma ta san ni, kuma in na tafi da wannan a cikina ba za ta iya zama da wanda zai dawo ba. Washegari na rubuta.

Aka kwance shi. A cikin boris ɗin tsakiya, wato zoben ƙarfen da sandar famfon take juyawa a ciki, aka sami tsaga, siririya kamar gashin jariri. Suka auna suka ce da ya yi wata biyar ko shida yana aiki a sama sai ya tarwatse, ruwan sanyin ya fantsama cikin ɗakin da mutane suke numfashi. Aka ɗage tafiya wata goma sha huɗu. Takardar da hukumarmu ta sararin samaniya ta fitar ta ce ƙwararrunta sun gano matsalar ta hanyar bincike mai zurfi. Ba sunana, ba sukudireba. Wannan bai dame ni sosai ba, don ina da kujerata.

A watan Maris na je duba lafiya na shekara. Likitar ta sa aka maimaita awon zuciya sau uku, ta ƙi haɗa ido da ni. Ta ce zuciyata takan tsallake bugu ɗaya jefi-jefi. Ta ce ba abin tsoro ba ne, zan iya kai shekara casa'in da shi, zan iya hawan dutse, zan iya yin iyo. Sama ce kawai ba zan je ba. Ko ƙaramin jirgi ba za a ƙara ba ni in tuƙa ni kaɗai ba. Na tambaye ta ko bara akwai shi. Ta duba takardu ta ce babu, bara zuciyata kamar ta saurayi. Da an tashi a lokacin da aka tsara tun farko, Yaya, da yanzu na je na dawo har na manta.

Masaomi ne ya gaji kujerar, abokina da aka zaɓe mu rana ɗaya, wanda ya riga ya je sau ɗaya. Ya zo gida da kwalin lemu, ya durƙusa a ƙofar falo ya kafa goshi a ƙasa, ya ƙi tashi. Ya ce ya san ransa na ceta, tunda ko ba komai shi ne zai zauna a ɗakin nan bayana. Na ɗaga shi, muka sha giyar shinkafa, na yi masa tsiya cewa ya rage tumbi kada kumbo ya kasa tashi. Ba shi da laifin komai, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don ba ni da wanda zan tsana. An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Nawa ya hau, ya bar ni a tabki. Yanzu hukuma ta ce tunda ba wanda ya san famfon kamar ni, ni zan zauna a ɗakin sadarwa in riƙa gaya wa Masaomi notin da zai ɗaure. Na amsa. Ba don kirki ba, kada ki ɗauka haka. Ba zan iya jure wani ya ɗaura shi a karkace ba ne.

Abin da ya fi wuya shi ne Baba. Ba ki sani ba, tun da aka sa rana ya sa aka rubuta sunana a wani dogon ƙyalle, aka rataya a saman garejinsa, inda duk mai zuwa kasuwar kifi zai gani. Shekararsa tamanin da shida, ya daina shan taba saboda wannan tafiya, ya ce ba zai mutu ba sai ya ga wutar kumbon. Na same shi yana wanke kafireto na faɗa masa komai. Bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko tsagar tana nan da gaske, na ce tana nan. Ya tambayi a wane gefen boris, na zana masa a bayan kwali. Ya tambayi irin ƙarar da na ji, na kwaikwaya masa da harshe. Ya gyaɗa kai ya ce haka take yi. Na zaci zai ce na yi daidai, irin yadda kowa yake ta ce mini har ya ishe ni. Sai ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Da na sani da ban koya maka ba."

Washegari da sassafe, ana yayyafi, ya jingina tsani zai sauke ƙyallen. Na ce ya bari in hau, ya ce shi ya rataya, shi zai sauke. Matan da suke wucewa zuwa kasuwa suka sunkuyar da kai suka ƙara sauri. Na riƙe masa tsanin. Ya kwance igiya huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ƙyallen da kyau, sunan yana ciki. Da ya sauko ya miƙa mini hannu, na zaci ƙyallen zai ba ni, ashe taba yake so in sayo masa. Na je na sayo. Tun ranar bai buɗe garejin ba.

Ki kira shi, Yaya, ke yake jin maganarki. Kada ki yi masa zancen sama, ki tambaye shi yadda ake gyaran injin ban ruwan gonarku, ko da lafiyarsa ƙalau. Ni kuma in za ki rubuto mini, kada ki ce na kyauta. Na san na kyauta. Abin da ban sani ba shi ne ko zan sake, da a ce an mayar da ni waɗannan kwana ukun, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa haka.

Ki gaishe mini da maigida Tadao, ki ce ina gode masa da garin kofin da ya aiko. Ki gaida Emi da mijinta da jaririnsu, da Kōhei, da Goggo Yasue in kin je wurinta. Kazue da Mio suna gaishe ki da kyau. Baba yana zaune a baranda yana kallon ruwa, na ce masa ke nake rubuta wa, ya ce in ce miki yana nan.

Ƙaninki,
Norihisa.