Kwalekwalen Aro a Tsibirin Sibalon

Zuwa ga ɗalibina Crisanto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Manila ba ta ramar da kai ba. Na ji kwamitin majalisar da kake wa aiki ne zai zo duba Hukumar Jigilar Ɗalibai. Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya! Na bayyana wa 'yan ajina dokar: wa'adin hukumar ya cika, in majalisa ba ta sabunta ta ba, ta mutu ke nan, kwalekwalen da ke kai su makaranta ya bi ta.

Ba za mu kunyata ka ba. Mun aro kwalekwalen masunta mun shafa musu fenti, namu mai yoyo kuwa mun ɓoye shi bayan coci.

Malamarka,
Perpetua

Malama,

Ina gaisuwa da girmamawa. Don Allah ku mayar da na aron. In shugabar kwamiti, Uwargida Abellana, ta gan su suna sheƙi, za ta rubuta cewa tsibirin ba ya bukatar hukuma. Ga shi ba na cikin tawagar, balle in yi mata bayani.

Ɗanki,
Crisanto

Ɗana,

Ina gaishe ka. Wasiƙarka ta iso bayan baƙin. Uwargida ta dubi bakin teku ta ce, "Ashe a daula kuke."

Da za ta tafi, Kaka Soledad, dattijuwar tsibirinmu, ta tare hanya. "'Yar nan, a gidan wa aka koya miki barin abinci?" Gasasshen kifi, shinkafa, wainar kwakwa, ana ta ƙari har ruwan teku ya janye, jirginsu ya kafe a yashi, injin ya ƙi tashi. Dole suka kwana.

Da safe masunta sun kwashe kwalekwalensu sun fita su. Sai namu ya rage. Dole Uwargida ta shige shi, ta zauna tsakiyar yara, ruwa na cika mata takalmi. Marites, 'yar aji uku, ta miƙa mata ƙoƙon kwakwa. "Goggo, nan ba a zaman banza." Ta kwarfe ruwa har gaɓa. Ban san abin da za ta rubuta ba. Me ka ji?

Ka huta lafiya,
Perpetua

Malama,

Albishirinki. An sabunta hukumar, har da sabon kwalekwale. Da hagu Uwargida ta sa hannu, na daman ba ya ɗaguwa tukuna.

Ɗanki,
Crisanto