Sunan 'Yar Fari

Laraba da dare. Jibi suna.

Wata huɗu na yi ina lallashin maigidan kafin ya yarda da Tasnim. Surukata kuwa har yanzu "Tasanimu" take cewa tana taɓe baki, wai ba ta taɓa jin mai wannan sunan ba. Yau ma da maigidan ya zo gidanmu sai da muka yi musu a kan rubutun jikin robobin rabo. Shi Tasneem yake so, ni na kafe a kan Tasnim. Ya tafi wurin mai bugawa a Kawo yana fushi.

Bayan wankan yamma na ɗauki jaririyar na kira sunanta. Mama ta juyo ta zuba mini ido.

"Ke, ba ki da kunya? 'Yar fari ce fa. Ke kin taɓa jin sunanki a bakina?"

Ban taɓa ji ba. "'Yar nan" take ce mini tun tasowata, kuma sai yau abin ya yi mini zafi.

Yanzu Mama ta yi barci. Na raɗa wa jaririyar sunanta sau uku a kunne. Gobe da ƙarfi zan faɗa, ko da Mama tana ji.