Tansiyon ɗin Gwaggo Hajara

Laraba, bayan isha'i.

Gwaggo Hajara ta dawo daga asibiti tana murna. Wai likita ya ce "tansiyon" gare ta, ba hawan jini ba. A ganinta tansiyon damuwa ce kawai, irin ta masu tunanin iyali. Hawan jini kuwa, ita ce ta ce a zaman makokin Innata, gaban matan unguwar Zongo, ciwon masu baƙin ciki da hassada ne, shi ya sa ya kashe Inna. Shekara biyu ke nan, ban manta ba.

Ta miƙo mini takardar, tunda ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidan nan.

"Duba mini, 'yar nan. Sai na sha ƙwayoyin nan dole?"

Na duba. Awon jininta ya wuce na Inna ranar da ta faɗi a bakin murhu. Suna biyu ne, ciwo ɗaya, na sani sarai.

Na ce, "Damuwa ce, Gwaggo. Ki huta kawai."

Da magariba ta ce miya ba ta ji gishiri ba. Allah ya yafe mini, na ɗebo gishiri na ƙara mata.